Azumin da Na Daina Karatu da Baki

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, kuma jikina ya gane shi tun kafin a ga wata. Zafin Bauchi na wannan lokaci ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Duwatsun da suka kewaye garin su yini suna shan rana, in la'asar ta yi su fara amayar da ita, sai mutum ya ji kamar an hura masa murhu a bayan wuya. Shekaranjiya ina kwance a tsakar gida, na jiƙa mayafi na rufa, sai na ji gunaguni daga ƙofar ɗaki. Jikata ce Walida, wadda take shekararta ta farko a jami'a can Gubi. Ta baje takardun Turanci a cinya, waya a hannu, leɓɓanta suna motsi, tana maimaita layi guda kamar mai biya allo.

Na ce, "Ke, me ya ce?"

Ta ce, "Wa?"

"Mutumin da ya rubuta abin da kike ta taunawa tun azahar."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta ɗaga wayar. Na ce ba wayar na tambaya ba. Ta yi dariya ta ce, "Kaka, ki bar ni da abin da ya dame ni, jarrabawa gare ni."

Na bar ta. Tambayar ma ba tawa ba ce, aro na yi, kuma mai ita ta daɗe a ƙasa. Amma da na ji ta a bakina sai ta mayar da ni baya shekara talatin da 'yan kai, wancan karon da azumi ya zo a irin wannan zafin.

Ni ban shiga ajin boko ba sai da na haifi 'ya'yana duka, na kuma binne ubansu. Da yaƙi da jahilci na fara, a zauren mai unguwa a Miri. Daga nan makarantar matan aure, daga nan horon malanta, ina koyarwa a firamare ina karatu. Ranar da na taka jami'a a Yelwa na haura arba'in. 'Yan ajinmu sa'o'in ɗana na fari ne. Mama suke ce mini, su bar mini kujerar gaba, su yi dariyata daga baya. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci Turancin littattafan ne. Wanda na iya na koyar da ƙananan yara ne: ga ƙwallo, ga akuya, Musa ya tafi kasuwa. Na jami'a kuwa jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, ka shiga ta gaba ka fita ta baya ba ka san wanda ka gamu da shi a ciki ba.

Hanyar karatu ɗaya na sani, wadda aka koya mini a makarantar allo tun ina yarinya: ka ɗaga murya, ka maimaita, ka yi ta maimaitawa har ya zauna. Kuma Allah ya ba ni kai. Akwai wani darasi da ake ce wa fahimtar karatu, wanda kowa sai ya ci shi. Na haddace takardunsa kaf, ban bar ko layi ba. Ranar jarrabawa aka ajiye mini wani rubutu da ban taɓa gani ba, da tambayoyi a ƙasansa. Har juya takardar na yi, ko ta wani ajin aka ba ni. Na faɗi. Sauran darussan ma, da yake duk da Turancin ake yin su, suka bi bayansa.

Na tafi ofishin malamin da yake koyar da mu, wani siririn yaro mai tabarau. Na ce, "Malam, wannan zalunci ne. Abin da ba ka karantar ba shi ka tambaya." Na tsaya a gabansa na karanto masa takardunsa da ka, ban yi tuntuɓe ba. Ya bari sai da na gaji don kaina.

Ya ce, "Mama, wallahi ni da na rubuta ba zan iya haka ba. Amma ba shi ake nema ba. So ake a ba ki abin da ba ki taɓa gani ba, ki gane shi."

Na ce, "Ta yaya?"

Ya ce, "Ki yi ta karantawa."

Na fito ina huci. In da yawan karatu ne, wa ya kai ni a ajin nan?

Aka yi mini gargaɗin ƙarshe: in na sake faɗuwa a zango mai zuwa, in kwashe kayana. Cikin waɗanda aka yi wa wannan gargaɗi, mu biyu ne manya, ni da Rifkatu.

Rifkatu malamar firamare ce ita ma, daga wani ƙauye can wajen Bogoro. Doguwa ce, mai faɗin kafaɗa, ta baro miji manomi da yara a gida. Hausarta irin ta mutanensu ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji. Ciwonta daban yake da nawa. Ita ba ta hadda. Ƙamus gare ta, wani ƙato wanda bangonsa ya rabu ta ɗinke shi da zaren buhu. Duk kalmar da ba ta sani ba sai ta tsaya, ta buɗe, ta rubuta ma'anar da fensir a samanta, har shafin ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Kafin ta kai ƙarshen jimla ta manta farkonta, sai ta koma.

Ɗakin da ta kama a Yelwa rufin kwano ne ba silin, da rana ko akuya ba za ta yarda ta zauna a ciki ba. Ni kuma ɗakin karatu na jami'a ya gagare ni. Mai kula da littattafan ya yi ta zuwa kaina yana cewa ina damun mutane da gunaguni, har rannan ya nuna mini ƙofa. Ba taurin kai ba ne. In na rufe bakina sai baƙaƙen su tsaya cik a kan takarda, kamar ban taɓa shiga aji ba. Sai na ce da Rifkatu ta riƙa bina Miri in an tashi daga lacca, mu yi karatunmu a inda ba mai korar mu. Muna cikin haka aka ga wata.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta cika ido ba. Kafin azumi ya kama, rumbunmu ya yi ƙasa, sai mutum ya shige ciki gaba ɗaya yake kai ga dami. Rijiyar gidan ta koma taɓo. A jefa guga a tsaya jira, a jawo rabinsa ja wur, a zuba a randa a bar shi ya kwanta. Babba a gidan, in ban da ni, Goggo Dudu ce kaɗai, ƙanwar mahaifina, wadda na koma wurinta da yarana bayan takaba. Idonta ya riga ya tafi, amma kunnenta da bakinta ba abin da ya same su.

Sahur ɗumamen tuwo ne da ruwa, ruwan ya fi yawa. In an yi sallah in ɗebo abin da rijiya ta tara, in jiƙa gero, in kama hanya. Bas zuwa cikin gari, tasi zuwa Yelwa, a cusa mu zufar wani tana zuba a jikin wani. Da azahar mu juyo ni da Rifkatu, kwalta ta yi laushi tana kama takalmi. Gonakin Miri duk an share, an tara kara an ƙone, jakuna suna kai taki, ƙasa ta yi fari fat tana jira. Da la'asar hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su ruga su kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi. A mayar da shanya. Haka kullum, har aka daina kwashewa.

Muna isa gida aiki ke jiranmu. A surfa gero, a daka, a tace gasara, a jiƙa tsamiya. Farkon wata muna ɗan soya ƙosai, da wake ya ƙare muka koma kunu zalla da mangwaron da ya faɗo. Sai muka raba: ɗaya tana kan turmi, ɗaya tana kan littafi, in hannu ya gaji a yi musaya. Rifkatu ba azumi take ba, amma ba ta taɓa kai ruwa bakinta a gidanmu kafin magariba ba. Na ce ta shiga ɗaki ta sha abinta, ba mai ce mata komai.

Ta ce, "Yaya Asabe, kai kana ƙonewa ni ina sha? Ba zai wuce wuyana ba."

Goggo ta ce daga kan buzunta, "Ke 'yar Bogoro, har yau ba ki gane mace ce ba?"

Rifkatu ta ce, "Goggo, wanda ya je ofishin malami ya yi masa faɗa ai namiji ne."

Ni dai ina gindin mangwaro ina rera Turancina da ƙarfi. Rannan Goggo ta ajiye carbi, ta rage muryar rediyo.

"Asabe, kwana da kwanaki kin hana ni jin tafsiri da wannan yaren naki. Me ya ce?"

"Wa?"

"Mai littafin. Ai mutum ne ya rubuta, ko aljani ne? Me yake so?"

Na sake karanto mata da Turanci, har da ɗan gyara murya.

Ta ce, "Wannan na ji shi har ya ishe ni. Da Hausa."

Shafin nan yana kaina tsaf, ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi, amma ban san ko maganar shanu yake ba ko ta sarauta. Rifkatu ta jingine taɓarya, ta ɗauko baƙin shafinta don ta cece ni. Ta fara karanto ma'anonin da ta jera: ƙasa, raguwa, dalili, yawaita, sakamako.

Goggo ta ce, "Kayan miya kika zube mini a gaba. Ina miyar?"

Daga ranar ta kafa mana doka. In an kira magariba kowa ta sha ruwa, ta ce wannan haƙƙin Allah ne, ba ta da iko da shi. Kunu kuwa nata ne, da geronta aka dama. A cikinmu ba mai shan sa sai ta rufe littafi ta gaya wa Goggo da Hausa abin da mutumin ya ce. In ka faɗa kuma ba ka tsira ba, sai ta ce, "Wa ya gaya masa?" In ka lalubo wannan ta ce, "To da wa yake rigima?" Na ce Goggo, littafin ilimi ne, ba shari'a ba. Ta ce, "Ba mai zama ya cika takarda haka kawai sai in wani ya ɓata masa rai. Nemo mini shi." Na yi mata dariya. Da na duba kuma sai na tarar kusan kullum akwai shi, a laɓe cikin shafin.

Mun sha wuya. Kwanakin farko abin da nake kai mata tsintar kalmomi ne da cikon ƙarya, kuma takan gane, don in ta sake tambaya sai labarin ya canza. Wata rana muka samu rubutu a kan noma, na ji daɗi, na ce yau dai gidanmu aka zo. Na ce, "Goggo, cewa ya yi manoma irinmu masu haɗa dawa da wake a gona ɗaya rashin sani ne yake damun su, ɓata ƙasa suke." Goggo ta tashi zaune. Ta wanke mutumin nan tas, shi da wanda ya koya masa, ta ce da jin maganarsa bai taɓa riƙe fartanya ba. Washegari ma da shi ta yini. Sai da la'asar Rifkatu, wadda ke tafe a hankali da ƙamus ɗinta, ta iso ƙasan shafin.

Ta ce, "Yaya, ba shi ya faɗa ba fa. Maganar waɗansu ya kawo. Zo ka ga inda ya juya musu baya."

Wata 'yar ƙaramar kalma ce a farkon sakin layi, irin "amma" ɗinsu, na bi ta kanta a guje ina rerawa. Daga nan har ƙarshen shafin kare mu mutumin yake yi.

Goggo ta yi salati. "Kin sa na ci naman bawan Allah da azumi a bakina. Sai ki nemo shi ki ba shi haƙuri."

"Goggo, Bature ne, wataƙila ma ya mutu."

"To kin ga kin ƙara mini."

Ranar rabin kofi aka ba ni. Amma tun daga lokacin in na ga irin waɗannan ƙananan kalmomi masu juya magana nakan rage gudu, kamar an zo mararraba.

A goman tsakiya zafi ya kai inda ya kai. Sanƙarau ya shigo unguwa, aka ce a daina cunkusa yara a ɗaki, kowa ya fito da tabarmarsa waje. An fitar da ƙananan gawarwaki daga gidajen da muka sani. Mukan je gaisuwa mu dawo mu zauna kan turmi da littafi. Ƙurajen zafi suka feso mini a wuya da baya, leɓɓana suka tsattsage. Kaji ma sun daina yawo, sai su kwanta gindin randa baki a buɗe.

Wata la'asar na ɗauki takarda zan fara, harshena ya manne da ganɗa. Na yi ƙoƙari, sai wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofa ta fito daga maƙogwarona. Ba yawu ko na haɗiya. Na zauna ina kallon takardar don takaici, ko ruwan hawaye babu a jikina. Ina kallo, ina kallo, sai na ga idona ya riga ya sauka layin ƙasa ba tare da ni ba. Na bi shi. Ya tsallake wata doguwar kalma wadda da da baki ne da na tsaya ina kokawa da furta ta. A gaba kaɗan maƙwabtanta suka gaya mini ko wace ce, ko aƙalla daga wane gida ta fito. Na kai ƙarshen jimlar tun farkonta bai fita daga kaina ba. Ashe duk tsawon nan nata mutum ɗaya ne a ciki da aiki ɗaya, sauran 'yan rakiya ne. Shekara da shekaru bakina yana tafe a gaba yana ta ihu, hankalina yana baya bai san inda aka nufa ba.

Goggo ta ce, "Yau kuma lafiya na ji shiru? Rifkatu, taɓa ta ki gani ko ta suma."

Bayan an sha ruwa na rufe takardar na gaya wa Goggo abin da ya ce, da inda ya samo, da waɗanda yake rigima da su. Ta juya tambayar ta wani gefen, labarin bai canza ba.

Ta ce, "Rifkatu, zuba mata kunu. Ki cika."

In na ce daga ranar na iya Turanci na yi ƙarya. Har yau akwai littafin da zan buɗe ya kore ni. Amma na san inda ƙofa take. Sai na juya kan Rifkatu, don jarrabawa tana ta matsowa, kuma ba a shiga da ƙamus. Na ɗauke shi na jefa cikin rumbu. Na ce ta karanta sakin layi guda har ƙarshe ba tsayawa, abin da ba ta sani ba ta wuce shi. Ta sa yatsa ta fara. Yatsan ya yi tafiya kaɗan ya tsaya.

"Wuce."

"Yaya, ba zan iya ba. Kamar in wuce mutum a hanya ne ban gaishe shi ba. In shi ne mai gidan fa?"

"In shi ne mai gidan zai biyo ki."

Ta wuce, ta yi layi biyu, ta dawo kansa. Ta ce tun tana yarinya a ajin coci aka hore ta kada ta tsallake kalma ko ɗaya a cikin Littafi Mai Tsarki. Na gane, don ni ma an hore ni kada in canza ko wasali. Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na sake yin faɗa, har Goggo ta ce in fito wa yarinya da kayanta, kada in sa ta kuka a gidan mutane. Na shiga rumbu na ɗauko.

Gaskiyar da ban so faɗa ba a lokacin ita ce, in an ba Rifkatu lokaci ta fi ni. Abin da nake kai wa Goggo ƙashi ne, nata har da tsoka. Takan gano inda marubuci yake shakka, da inda yake lallaɓa abokin rigimarsa kafin ya kayar da shi. Goggo takan ce, "Asabe ta fi sauri, 'yar Bogoro ta fi gaskiya." Sai dai kunun Rifkatu kullum a huce take shan sa.

A goman ƙarshe aka yi jarrabawar, da rana tsaka, a wani babban ɗaki mai fankoki a tsaye don ba wuta. Rifkatu tana gabana ta hannun dama, ina ganin bayanta da hannunta. Rubutun a kan masu barin ƙauye su koma birni ne. Na fara duba tambayoyin, sannan na bi rubutun da ido. Bakina a rufe, ba don gwaninta kaɗai ba, don ko na so buɗe shi ba yawu. Na nemo inda mutumin ya juya, na nemo abokan rigimarsa, na kama rubutu.

Da na ɗaga kai, yatsan Rifkatu yana sakin layi na farko. Na rubuta, na sake ɗagawa. Ya ɗan sauko, ya koma sama. Rigarta ta jiƙe ta manne da bayanta. Ni da aka kora daga ɗakin karatu saboda surutu, ga ni da kalma ɗaya tak da nake so in faɗa, "wuce," kuma ba hali. Na gwada gyaran murya ko za ta gane, maƙogwaron ya ƙi ba da sauti. Mai tsaron jarrabawa ya zuba mini ido. Na mayar da kaina kan takardata, don ni ma korar ce take jirana.

Da aka ce a ajiye biro, ba ta daɗe da fara amsa ba.

Muka fito muka zauna gindin wata darbejiya. Yara suna ta hayaniya suna gwada amsoshi. Ban tambaye ta komai ba. Ita ce ta ce, "Yaya, tambaye ni."

"Me zan tambaye ki?"

"Tambayar Goggo."

Na ce, "Me ya ce?"

Ta gaya mini. Tun daga farko har ƙarshe, da waɗanda yake rigima da su, da inda ya ɗan yarda da su, har da wani abu can ƙasa wanda ni ban lura da shi ba, kuma nan take na san na amsa shi ba daidai ba. Duk wannan ba ƙamus.

Ta ce, "Ka gani? Na gane shi. Lokaci ne bai jira ni ba."

Ta ciro gorar ruwa daga jakarta. Ta dube ta, ta dube ni, ta mayar.

Na ce, "Sha, don Allah."

Ta ce, "Sai magariba."

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ruwan farko ya sauka. Ƙasa ta yi wannan ƙamshi nata, kwaɗi suka fito daga inda ba wanda ya sani, Miri duk aka fita shuka da ɗan irin da aka hana ciki. A ranar Rifkatu ta zo da jakarta da ƙamus ɗinta a ɗaure cikin ɗankwali. Ba za ta jira sakamako ba, mijinta ya aiko, su ma ruwa ya sauka a wajensu. Ta durƙusa gaban Goggo. Goggo ta lalubo hannunta ta riƙe.

"Yanzu wa zai riƙa gaya mini gaskiyar abin da suka ce?"

"Yaya zai gaya maka."

"Wannan? Wadda ta sa na zagi mutum?"

Muka yi dariya, dariyar ba ta je ko'ina ba. Na raka ta bakin titi, taɓo yana kama mana ƙafa, ta hau bayan akori-kura.

Da sakamako ya fito na haye, da ƙyar, a bakin gaɓa. Ita aka sallame ta. Na sake komawa ofishin siririn malamin nan. Na ce, "Malam, matar da kuka kora ta fi ni gane rubutun nan. A gabana ta faɗe shi duka."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Na yarda, Mama. Amma abin da ke kan takarda nake dubawa."

Ban yi masa faɗa ba wannan karon. Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi ɓata mini rai.

Goggo ba ta ga ranar da na gama ba. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare da tambayoyinta, ban taɓa gaya wa masu duba malamai inda na samo su ba. Rifkatu ta koma ajinta na firamare. Mun yi ta aika wa juna gaisuwa ta bakin direbobin hanyar Dass, har direbobin da suka san mu suka tsufa suka bar tuƙi.

Yanzu akwai famfo a gidan, akwai fankar sola, ana kawo ƙanƙara har ƙofa. Wayar Walida in ta nuna mata shafi sai ta taƙaita mata shi kafin a ƙifta ido, har da Hausa in tana so. Zafin ne dai bai canza ba, kuma an ce har yau ba a shiga jarrabawa da waya.

Jiya da aka kira magariba ta sha ruwa, ta miƙa hannu ga kofin kunu. Na dafe shi.

"Me ya ce?"

"Kaka, don girman Allah."

"Ruwa haƙƙin Allah ne, kin sha. Kunu nawa ne."

Ta harare ni, ta jawo takardar, na tura wayar ƙarƙashin tabarmata. Ta sa yatsa ta fara bi. Yatsan ya yi tafiya kaɗan ya tsaya.

Ta ce, "Akwai wata kalma a nan da ban sani ba. Ba ni wayar in duba, ita kaɗai."

Na ce, "Wuce."

Da ƙarfi na faɗa, har yarinyar ta firgita ta ɗago tana dubana. Kalmar ta fito sumul, da yawu a bakina, ba ta maƙale a ko'ina ba. Makara kawai ta yi, da shekara talatin da 'yan kai.